Mugun Fim Ya Zo Gaida Kaka

(Jika, ɗan wasan fim ne, ya shigo da abokinsa Ɗanboko. Kaka na ganinsu ta kau da kai.)

JIKA: Salamu alaikum. Amarya, ina wuni?

KAKA: Wa alaikumus salamu ga baƙo. Kai kuwa tsaya daga nan, ka rubuto mini takardata. Na fasa auren.

JIKA: Subhanallahi! Me ya yi zafi?

KAKA: Da idona na gan ka jiya a talabijin. Ka kori marayu daga gidan ubansu, kana dariya har da riƙe ciki. Ashe abin da muka raina ke nan.

JIKA: Kaka, wasa ne fa. Marayun nan ubansu na nan da ransa. Shi ne ma mai riƙe kyamara.

KAKA: Yana tsaye ana watsi da kayan 'ya'yansa? To kun zama ku biyu.

ƊANBOKO: Ranki ya daɗe, bari in warware miki, abin nan ilimi ne. Akwai wani mutumin Rasha, Stanislavski, wanda shi da abokinsa suka kafa gidan wasan kwaikwayo a Mosko a 1898. Shi ya koyar cewa ɗan wasa ya tambayi kansa: da ni ne wannan mutumin, a cikin wannan hali, me zan yi?

KAKA: Yauwa, ɗan albarka! Ya tambayi kansa, kan nasa ya ce a kori marayu. Ka ga shaida ta cika.

JIKA: Malam, ceto na kawo ka ko ƙarin laifi?

ƊANBOKO: Yi haƙuri, ban ƙarasa ba. Daga baya koyarwar ta ƙetara Amurka. Wani Lee Strasberg a birnin New York ya riƙa sa ɗalibansa su tono baƙin cikin da ya taɓa samunsu da gaske, su ara wa mutumin labarin.

JIKA: Wannan kam na gwada. Kin tuna fim ɗin da na yi kuka a gaban kabari? Darakta ya ce in tuna wani abu da ya taɓa girgiza ni. Sai na tuno ranar da aka kwantar da ke asibiti.

KAKA: Allah sarki, angona. Zo ka zauna kusa da ni.

JIKA: Na tuna, na tuna, ido ya bushe ƙamas. Sai na tuno wayata da aka sace. Wallahi sai da aka riƙe ni.

KAKA: Koma inda kake tsaye.

ƊANBOKO: Ai shi nasa mai sauƙi ne. Wani ɗan wasan fim na Amurka, Robert De Niro, sai da ya nemi lasisi ya yi ta tuƙa tasi a New York kafin ya fito a direba a 1976. Da zai fito a ɗan damben da ya tsufa ya yi teɓa, kusan kilo 27 ya ƙara a jikinsa.

KAKA: Wato ci ya yi ta yi, aka biya shi?

ƊANBOKO: Har da kambun Oscar, babbar kyautar 'yan fim. Shi kuwa Daniel Day-Lewis, a fim ɗinsa na 1989 da ya fito a mai shanyewar jiki, ƙin tashi ya yi daga keken marasa lafiya ko an tsai da aiki. Sai an tura shi, sai an ba shi abinci a baki.

KAKA: Da ƙafarsa lafiya lau?

ƊANBOKO: Garau.

KAKA: Wannan ai na san irinsa. Marigayi kakanku ya shekara arba'in yana wannan wasan a cikin gidan nan, ko ruwa sai an miƙo masa. Babu wanda ya ba shi kambu. Ni ma da na yi turin ba a ba ni ba.

ƊANBOKO: Amma fa ba kowa ya yarda ba. Tun ƙarni na 18 wani Bafaranshe, Diderot, ya ce gwanin ɗan wasa shi ne wanda zai sa jama'a kuka alhali zuciyarsa na sanyi, yana lissafin kowane motsi. Mai ji da gaske, yau ya yi kyau, gobe ya gaji.

JIKA: Ni a nan nake. Darakta na cewa a tsaya, na tuɓe muguntar tare da rigar.

KAKA: To wannan muguwar dariyar fa, a ina ka samo ta? Ba a sayar da ita.

JIKA: (yana sosa ƙeya) Ta Kawu ce, in ya ci wani a gardama. Takun kuma na wani mai bin mu bashi ne. Haka aikin yake, Kaka: ka ɗebo hanci nan, ka ɗebo murya can, ka haɗa mutumin da ba a taɓa haifa ba.

KAKA: Shi ya sa nake jin kamar na san ta! Ni dai duk fim ɗin mutum ɗaya na ga mai hankali. Tsohuwar nan, uwar miji.

ƊANBOKO: Wadda ta hana surukarta sakat? Ai ita ce babbar muguwar labarin.

KAKA: Muguwa a gidan wa? Matar da ke faɗin gaskiya! Da ta ce wa yarinyar, "Mu a zamaninmu ko tari ba ma yi sai an ba mu izini," sai da na tafa. Kamar ta shiga bakina.

(Shiru. Ɗanboko ya dubi Jika. Jika ya dubi ƙofa.)

KAKA: Tsaya. Wa ya rubuta maganar tsohuwar?

JIKA: Marubucin ne. Ni ɗan taimako kawai na yi.

KAKA: Da tsakin? Da "Allah ya kyauta" ɗin nan da take ja har sau uku? Da ɗaurin ɗankwalin?

JIKA: Ɗankwalin ma naki ne, Kaka. Wanda kika yi ta cigiya da damina.

KAKA: Innalillahi! An sace mini magana, an sace mini ɗankwali, wata ta karɓe kuɗin! Kai mai boko, a littafin mutumin Rashan nan, nawa ake biyan wanda aka kwaikwaya?

ƊANBOKO: Gaskiya ban ga babin ba.

KAKA: To ni zan rubuta shi. Ka gaya wa daraktanku ina jiran rabona. Ita kuma yarinyar da ta yi ni, a turo mini ita gobe da sassafe. Hararar nan tata ba ta nuna ba, ido ɗaya kawai take sawa.

JIKA: Da ya ya ake yi?

(Kaka ta juyo ta dube su. Ɗanboko ya fita da takalmi ɗaya.)