Karkuwan: takardar UNESCO ba ta tare igiyar teku

A arewa maso gabashin Tunisiya akwai wani hancin ƙasa da ya kutsa cikin Bahar Rum yana fuskantar tsibirin Sisili, ana ce masa Kap Bon. Can kusa da ƙarshensa, arewa da garin Kalibiya, kufan Karkuwan ke kwance a bakin ruwa. Tun 1985 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 1986 kuma ta haɗa da maƙabartarsa. Ni dai ina ganin wannan shaidar ta zama abin da ake ɓuya bayansa, a ce an gama aiki alhali da sauran aiki a gaba.

Darajar wurin ba ta girman gini ba ce. Karkuwan gari ne na mutanen Kartaj, wata tsohuwar daula a wannan yanki, jikokin Finikawa 'yan gabashin Bahar Rum. Sun sha kashi a hannun Rumawa, aka rusa babban birninsu a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya Rumawan suka gina nasu a kansa. Kusan duk labarin da ya iso mana game da su daga alƙalamin maƙiyansu ya fito. Karkuwan kuwa an watse daga cikinsa wajen shekara ta 250 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙin farko tsakanin Kartaj da Rum, kuma babu wanda ya sake ɗora tubali a kansa. Yashi ya lulluɓe shi har zuwa 1952 da aka gano shi. Shi ne garin mutanen nan guda ɗaya da ya rage da tsarinsa na asali.

Ka shiga gidajen ka gani. Kusan kowane gida da tsakar gidansa da rijiya, da ɗakin wanka mai kwarmi wanda aka yi wa wurin zama a ciki, an shafe shi da jan daɓe da ruwa ba ya ratsawa. Ga magudanar da ke fitar da ruwan zuwa titi. A daɓen wani gida an jera fararen duwatsu ƙanana aka zana alamar Tanit, abar bautarsu: alwatika, sanda a gicciye, da'ira a sama. An kuma tarar da tarin ɓawon katantanwar teku wadda marinansu ke matse rini shunayya daga cikinta, rinin da ya yi tsada har ya zama na sarakuna. Mutanen da Rumawa suka siffanta da mayaudara ga su nan masu tsafta, masu sana'a, masu tsara gari.

To amma garin a kan gaɓa yake, teku kuma ba ya karatun takarda. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya duba wuraren tarihi da na halitta 284 a gaɓar tekun Afirka, ya samu 56 suna cikin haɗarin ambaliya da zaizayar ƙasa tun yanzu, adadin kuma zai iya haura 190 kafin 2050. UNESCO ba ta da kuɗin gina wa kowa katanga. Yarjejeniyarta ta 1972 kan kare wuraren tarihi na duniya ta fito fili ta ce nauyin kare wuri yana kan ƙasar da ke da shi.

Na san abin da za a ce. Tunisiya na fama da bashi da rashin aikin yi, wa zai bar gurasa ya sayi dutsen tare ruwa? Hujja ce mai ƙarfi, ba na raina ta. Sai dai rashin kuɗi na iya wucewa, ɗakin da igiya ta cinye kuwa ya tafi ke nan. Kuma Italiya, wadda kakanninta suka yaƙi mutanen nan, tana can tsallaken ruwa da ƙwararrun kare gaɓa, Tarayyar Turai kuma na zuba wa Tunisiya miliyoyin yuro don tsare bakin haure a wannan tekun. Kaso kaɗan daga irin kuɗin nan zai ishi Cibiyar Adana Kayan Tarihi ta Tunisiya ta auna gaɓar duk shekara, ta ɗauki hoton kowane bango da na'ura, ta ƙarfafa ɓangaren da ruwa ke duka.