Lamba biyar na gaske ko ɗan gefe mai aiki: ina ya kamata kuɗi su tafi?

Na daɗe ina jin masoya ƙwallon kwando suna cewa tauraro tauraro ne, duk inda ka ajiye shi. Ban yarda ba. A gasar NBA ta Amurka tazarar da ke tsakanin na sahun gaba da mai bi masa ba ɗaya ba ce a kowane gurbi, kuma ƙungiyar da ta kasa gane wannan ita ce ke zuba miliyoyin daloli a rijiya.

Mu fara da lamba biyar, wato dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando. A nan tazarar ta fi kowace faɗi. Nikola Jokić, wanda Denver ta ɗauka a matsayi na 41 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2014, ya zama gwarzon shekara a 2021 da 2022 da 2024, ya kuma kai ƙungiyar ga kofinta na farko a 2023. Irin wannan mutum ko nawa ka ba shi ka saye shi da araha, domin dokar gasar ta ƙayyade cewa albashin ɗan wasa ɗaya, a shekarar farko ta kwantiraginsa, ba zai wuce kashi 35 cikin 100 na iyakar albashin da aka yanka wa ƙungiya ba. Shi ke cin maki, shi ke raba ƙwallo, shi ke kama wadda ta dawo daga kwando. Aikin mutum uku, albashin mutum ɗaya.

To amma sauko mataki ɗaya kawai ka ga yadda lissafi ke rikicewa. Rudy Gobert gwani ne, sau huɗu ana ba shi kyautar wanda ya fi kowa tsaron gida, ba ni da ja a kan wannan. Sai dai har yau ban manta wasa na shida na karawar ƙarshen kaka tsakanin Utah, ƙungiyarsa a lokacin, da Clippers a 2021 ba. Utah na gaba da maki 25, Kawhi Leonard, tauraron Clippers, ma bai buga ba saboda rauni. Sai Clippers suka zuba gajerun 'yan wasa, suka tsayar da Terance Mann a kusurwa. In Gobert ya tsaya tsare kwando, Mann ya jefa ta maki uku. In ya fito, hanya ta buɗe a bayansa. Ina kallonsa yana waige, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya rasa inda zai sa kansa. Mann ya tashi da maki 39, aka sallami Utah. Shekara ɗaya bayan haka Minnesota ta ba da 'yan wasa da damar zaɓen sababbin 'yan wasa a zagayen farko har huɗu don ta samu Gobert. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Haka Phoenix ta amince ta biya lamba biyar ɗinta Deandre Ayton dala miliyan 133 na shekara huɗu a 2022, shekara ɗaya tak ta tura shi Portland.

Abin da ya sa nake ganin asara ce, shi ne aikin lamba biyar na sahu na biyu ana samunsa da sauƙi. Golden State ta ɗauki kofuna huɗu da irin su Andrew Bogut da Zaza Pachulia da JaVale McGee da Kevon Looney. Dallas ta kai wasan ƙarshe a 2024 da Daniel Gafford da Dereck Lively, wanda a lokacin shekararsa ta farko ke nan. Idan ba za ka samu Jokić ba, nemi dogo mai tare ƙwallo da tsalle, ka adana kuɗinka.

Lamba ɗaya, mai raba ƙwallo, shi ma kusan haka ne. Stephen Curry da Shai Gilgeous-Alexander sun nuna cewa ana cin kofi da su a gaba. Amma gajere mai cin maki ashirin wanda bai iya tsaro ba, irinsa sun yi yawa a gasar, kuma da an shiga wasannin ƙarshen kaka abokan hamayya shi za su yi ta farauta, wasa bayan wasa.

Inda nake ganin na sahu na biyu ya fi daraja shi ne gefe, lamba uku da huɗu da dogayen lamba biyu. Mutumin da zai tsare gurbi uku, ya jefa ta maki uku idan an bar shi, bai damu a riƙa ba shi ƙwallo ba. Ba kocin abokan hamayya da zai iya tilasta a cire shi daga fili. Duba Kentavious Caldwell-Pope: kofi da Lakers a 2020, kofi da Denver a 2023, bai taɓa shiga wasan taurari ba, wato wasan zaɓaɓɓun gwanayen gasar na shekara-shekara. Duba Andrew Wiggins na Golden State a 2022, wanda ya shaƙe Jayson Tatum na Boston a wasannin ƙarshe. Duba Aaron Gordon a gefen Jokić. Boston ta 2024 kuwa kusan duk da irin waɗannan aka gina ta: Tatum da Jaylen Brown a gaba, Jrue Holiday da Derrick White suna toshe duk wata kafa, babu wani rauni da za ka bi ka shiga.

Shi ya sa da New York ta ba da damar zaɓen zagayen farko har biyar don Mikal Bridges a 2024, mutane suka yi ta cewa hauka ne, ai ko sau ɗaya ba a zaɓe shi cikin taurari ba. Na yarda farashin ya yi zafi. Amma in aka ɗora mini wuƙa a wuya tsakanin cinikin Bridges da na Gobert, na Bridges zan ɗauka, domin a minti biyar na ƙarshen wasa na bakwai, wato na raba gardama, na san yana cikin fili, ba sai koci ya tsaya tunanin ko ya cire shi ba.