Harafi ɗaya a takarda, sati uku ina yawo da yaro yana ɗingishi

Wallahi yau raina ya kai maƙura, in ban faɗa ba sai ya zame min ciwo. Yarona shekararsa 12, lafiya lau aka haife shi, ƙafafu biyu daidai, ƙwallo yake bugawa a layinmu nan Rigasa har sai an kora shi gida da magariba. Yana ɗan shekara 9 ɗan acaɓa ya kwashe shi a hanyar Islamiyya, cinyar hagu ta karye kusa da gwiwa. Ina tafiya lokacin, kafin in dawo Hajiya ta sa an kai shi wajen mai ɗori, kuma kun san tsohuwa in ta yanke magana ba mai tadawa. Ƙashi ya kama, amma tun daga nan tafiyar ta canza, ɗingishin yana ƙaruwa a hankali har wandon makaranta ƙafa ɗaya tana jan ƙasa.

Watan jiya na kai shi asibitin da muke da kati, tunda duk wata ana yankar kuɗin inshora a albashina. Likitan ƙashi, Allah ya saka masa, ya yi aikinsa. Ya kwantar da yaron ya ɗauko tef irin na tela ya auna daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu, dama da hagu, sannan ya tsayar da shi yana tura ƴan katakai ƙarƙashin ƙafar hagu har ƙugun ya daidaita. Santimita 3. Ya ce min Malam, in bambancin bai kai santimita 2 ba yawanci ƙarin tudu a takalmi ya isa, amma naku ya wuce, kuma da alama karayar ta taɓa wajen da ƙashi ke tsiro, wato gibin zai iya ƙaruwa tunda yaron bai gama girma ba. Ya ce akwai ƙaramin aiki da ake yi a ƙafar mai lafiya a rage mata saurin girma har gajeriyar ta kamo ta, amma yana da lokaci, namiji wajen shekara 16 tsawo ke tsayawa, in aka makara sai dai babban aikin ja da ƙarafuna, milimita 1 a rana, watanni yaro na ɗaure. Ya rubuta a yi dogon hoton ƙafafu biyu, daga nan a tura mu asibitin ƙashi na Dala a Kano.

To daga nan aka fara wasa da hankalina.

Kafin a yi hoto sai kamfanin inshorar da ke kula da katinmu, wato HMO, ya ba da lambar izini. Na jira kwana huɗu shiru, na kira, wata ta ɗauka ta ce an ƙi amincewa, wai tsarinmu bai ɗauki nakasar haihuwa ba. Na ce nakasar haihuwar wa? Ta ce Yallaɓai abin da asibiti suka turo ke nan, Q72. Ni malamin lissafi ne, ban taɓa jin wani Q72 ba sai ranar, sai da ƙanwar matata da ke aikin jinya ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ashe kowane ciwo yana da lambarsa a wani kundi na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD-10, kuma da lambar kamfanin inshora ke aiki, ba ruwansu da dogon rubutun likita. Duk abin da ya fara da Q na wanda aka haifa da shi ne, Q72 gajartar ƙafa tun daga ciki. Wanda ƙafarsa ta gajarce daga baya, kamar ta karaya, lambarsa M21.7. Shi ke nan fa. Yaron da ke ɗakin fayil ya ga an rubuta ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya buga a kwamfuta, wanda ya fara fitowa ya danna, bai ko juya shafi ya ga inda likita ya rubuta haɗarin babur ba.

Na ce ai da sauƙi, a goge Q a sa M. Hmm. Na koma ɗakin fayil, yaron ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce Baba ba ni da ikon canzawa sai likita ya sa hannu. Likita ranar Talata kawai yake zama. Talata na ɗauki uzuri a makaranta, Keke Napep daga Rigasa har cikin gari ni da yaro, muka zauna a benci tun bakwai har azahar, likita ya sa hannu yana ta mamaki, na kai musu, wai natwok ya ɗauke. Laraba natwok ya dawo amma ogan da ke da lambar sirrin shiga ya tafi ta'aziyya Zariya. Da aka samu aka tura, HMO suka ce tunda an riga an shigar da Q a sunansa, sai an kawo hujjar cewa karaya ce, rahoton asibitin da aka yi jinya. Fisabilillahi wane rahoto mai ɗori ke bayarwa? Karan dawa da tsumma da man shanu ya ɗaure da su, mutumin ma ya rasu bara.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin motar ba ne, a duk mutanen nan ba wanda ya ce kuskurenmu ne, yi haƙuri. Asibiti su ce HMO, HMO su ce asibiti, ni da ake cire wa kuɗi tun kafin albashi ya shigo hannuna na zama ɗan aike tsakaninsu. Ku da kuke karɓar fayil, in har lamba ɗaya ce ke yanke hukuncin a yi wa yaro magani ko a ƙi, don me za ku bar ta a hannun wanda ko karanta rubutun likita ba ya yi? Kuma ku HMO hoton da kuka hana shi ne fa zai nuna muku tabon karayar ƙuru-ƙuru, kun hana hoto kuma kuna neman hujja, wannan wane irin lissafi ne?

Yanzu dai na kai takalminsa na makaranta wajen wani shumeka a Kasuwar Bacci ya manna masa ƙyallen taya a ƙasan na hagu, yara sun fara ce masa mai takalmin amarya, jiya ya ce shi ba zai sake sawa ba. Uwarsa ta zazzage akwati ta samo hotonsa na gasar gudu a firamare aji biyu, ya miƙe tsaf da kofi a hannu, shi zan kai musu ranar Talata tare da wasiƙar mai unguwa. In sun ƙi wannan ma, adashina na wata mai zuwa zan ɗauka in biya hoton da kaina mu kama hanyar Kano.