Har yaushe za a ci gaba da sayar mana da jirgi ɗaya da sabon harafi?

Kamfanin da ke yin gem ɗin tuƙin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da muke bugawa ya sake fito da jerin jiragen da yake so mu zaɓa a ƙara mana, kuma wallahi raina ya ɓaci. An ce mu kaɗa ƙuri'a, ra'ayinmu ake nema. Ƙuri'a a kan me? Wani samfurin Bf 109, jirgin faɗa na Jamus, da aka canza wa bindiga, wani Spitfire na Birtaniya da aka datse wa bakin fiffike, wani Mustang na Amurka, sai kuma Ta 152 wanda duk abin da Jamus ta ƙera nasa bai kai ɗari ba, shi ma sai a watannin ƙarshe na yaƙin ya ɗan leƙo. An riga an yanke hukunci tun wajen rubuta jerin, sannan aka kira mu mu sa hannu. Wannan rainin hankali ne.

Ba ƙin Bf 109 nake yi ba. Jirgi ne da aka ƙera sama da 33,000, dole ya samu wuri babba. Amma muna da shi iri-iri har mutum ya rasa gane wanne ne wanne sai ya duba harafin da ke bayan lamba. Kowane kuma da dala ake sayar mana. Wanda yake karɓar albashi da naira ko sefa ya san abin da dala take nufi a yau. Ka tara kuɗi, ka yi fama da katin banki da ke ƙin biya a waje, ka ƙona data wajen sauke sabuntawa mai nauyi, wuta ta ɗauke a tsakiya ka koma farko, ka gama duk wannan wahala, ka zauna a mazaunin matuƙi, ka ga agogunan nan ne dai na jirgin da ka saya bara, madubin nan ne, ƙarar injin nan ce. An sake wa tuwon jiya kwano an kawo maka da sabon farashi.

Dalilin a fili yake. Gangar jikin jirgin tana hannunsu tun tuni, sun zana ta, sun lissafa yadda take ratsa iska. Canza inji da bindiga aikin 'yan makonni ne a kan abin da aka gama. Jirgi irin Bristol Blenheim, jirgin bom na Birtaniya, kuwa sabon aiki ne daga tushe: inji biyu, mutum uku a ciki, matuƙi da mai duba hanya wanda shi ne kuma ke sakin bom, da mai bindiga a baya. Kowanne sai an zana masa wurin zamansa da abin da idonsa ke gani. Aiki ya ninka, masu saye kuma ba su kai na jirgin da ya fi kowa gudu ba. Na gane ciniki ne. To ku fito ku ce ciniki ne, ku daina rubuta mana cewa tarihi kuke rayawa.

Domin in tarihi ne, ina hanyar Takoradi? Bayan Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, Faransa kuma ta faɗi, Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, zagaye ta kudancin Afirka kuma tafiya ce mai cin watanni. Sai aka riƙa kawo jiragen sama a cikin akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, a haɗa su a can, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wato Njamena ta yanzu, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir zuwa Khartum, su bi kogin Nilu har Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya, jiragen faɗa ƙirar Hurricane shida na biye da shi. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Da yawa daga cikin jiragen da suka tunkari Rommel, kwamandan sojojin Jamus, a hamadar Libiya da Masar sai da suka sauka a Kano suka sha mai. Mutumin da ya jagoranci rundunar saman Birtaniya a wannan hamada daga 1941, Arthur Coningham, shi ne ya jagoranci jirage uku na farko da suka taɓa sauka a Kano a 1925. Duk wannan babu ko ɗigonsa a gem ɗin, sai ka ce yaƙin daga gabar Faransa ya fara kuma a Balin ya tsaya.

Za su ce rakiyar jirage ba faɗa ba ce, 'yan wasa harbi suke so. Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa tunanin tuƙa jirgi mai inji ɗaya na sa'o'i a cikin hazon hunturu ba, ƙasa ba ta ganuwa, ba abin dogaro sai kamfas da agogo da wutsiyar Blenheim ɗin da ke gabanka, in ka ɓace masa ka ɓace ke nan. Har farin fenti ake shafa wa bayan waɗannan Hurricane domin in jirgi ya faɗa daji masu nema su hango shi daga sama. Ƙura kuma tana cinye injin Merlin da ke cikin Hurricane, shi ya sa aka maƙala wa jiragen hamada ƙaton matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci, tana kare inji amma tana rage gudu. Ga abin da zai gwada gwanintar matuƙi, ga lissafin mai, ga zafin inji, ga sauka a filin jar ƙasa. Mu da muka san yadda hazo ke rufe garin Kano har jiragen fasinja na yau su kasa sauka, ba sai an yi mana bayani ba.

In ma harbin ake so, akwai shi. A watan Janairun 1942 wani jirgin bom He 111 na Jamus guda ɗaya ya taso daga Libiya ya ratsa Sahara ya yi wa Fort Lami ruwan bama-bamai, ya ƙona ma'ajiyar mai, sannan a hanyar komawa mansa ya ƙare ya sauka a cikin rairayi, mutanensa suka yi kwanaki kafin a ceto su. He 111 yana cikin gem ɗin tun tuni, taswira kawai ta rage. Akwai harin da dakarun Faransa ƙarƙashin kwamandansu Leclerc suka kai Kufra, a kudancin Libiya, daga Chadi a farkon 1941, da 'yan jiragensu na Blenheim da Lysander. Akwai yaƙin Gabashin Afirka, inda Gladiator na Birtaniya da Fiat CR.42 na Italiya, jirage masu fiffike biyu sama da ƙasa, suka yi ta gwabzawa a samaniyar Eritiriya da Habasha, a daidai lokacin da sojojin Najeriya suka taso daga Mogadishu zuwa Harar ta Habasha a watan Maris na 1941. Akwai Burma, inda kakanninmu na runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma suka shiga kwarin Kaladan babu hanyar mota, abincinsu da harsasansu daga jirgin ɗaukar kaya Dakota ake jefo musu da lema. Tuƙa wannan Dakota a tsakanin duwatsu da gajimare ba ƙaramin aiki ba ne, amma ba a taɓa sa shi a jerin zaɓi ba.

Dubi abin da wannan son gudu ya jawo wa wasan kansa. Ka shiga buga wasa da mutane ta intanet, kowa yana cikin jirgin 1945, kowa ya haye can ƙololuwar sama yana jiran wanda zai faɗo wa. Ba mai ɗaukar bom, ba wanda za a raka, ba abin da ake karewa. Sabon shiga wanda bai da kuɗin sabon jirgi ya tashi da tsohon nasa, kafin ya ɗaga tayoyi an kakkaɓo shi, ya yi haka sau biyu sau uku ya goge gem ɗin. Su kansu jiragen da ake tallatawa sun rasa aikin da aka ƙera su dominsa, don Ta 152 an yi shi ne saboda faɗa a can sama sosai inda manyan jiragen bom na Amurka ke shawagi, waɗanda su ma babu mai tuƙa su a wasan.

Mun rubuta musu, mu da wasu 'yan wasa daga Ghana da Sudan, har da hotuna da bayanan jiragen. Amsar da ta dawo irin wadda na'ura ke turawa ce, an gode da shawara, za a duba. Aka fito da jeri babu ko ɗaya.

Ni dai ba zan kaɗa wannan ƙuri'a ba, kuma ba zan sake biyan ko sisi a kan wani 109 ba. 'Yan'uwa masu buga wasan nan, ku ma ku riƙe kuɗinku, ku cika musu akwatin saƙo da buƙata ɗaya: Blenheim, Hurricane na hamada mai tankin ƙarin mai, CR.42, Dakota, da taswirar da ta kama daga Kano zuwa Fashir. In sun ce aikin ya yi tsada, su faɗi farashinsa mu ji, su buɗe rajistar masu son biya tun kafin a fara, su ƙirga mu.