Kowace Makka 5,000

Ranar 12 ga wata, a ƙofar gidan biredinsa da ke bayan babbar kasuwar Garwa a Kamaru, Alhaji ya buɗe littafin lissafi, ya lashi yatsa, ya kira Tanko. Tsohon Akawu yana kan benci kamar kullum, yana kurɓar shayin da ba shi ya biya ba.

ALHAJI: Tanko, matso ka ji hisabinka. Albashinka sefa 60,000 ne, kuma ina so ka shaida cewa ko dala ban rage daga abin da gwamnati ta yanka a 2023 ba, domin ni mutum ne mai bin doka.

TANKO: Allah ya ƙara arziki, Alhaji.

ALHAJI: Ka makara sau uku, kowace makara 2,000. Ka ƙona faranti guda na biredi, 10,000. Ranar da babbar rigata ta shiga tayar babur ka yi dariya, 7,500.

TANKO: Ranka ya daɗe, tari ne ya sarƙe ni.

ALHAJI: Ban taɓa ganin tarin da ake yi ana riƙe ciki ana nuna mutum da yatsa ba. Sannan ka kira ni "Malam" a gaban baƙi, alhali sau biyu na sauke farali, ga haƙori nan a bakina yana ba da shaida. Kowace Makka 5,000. Ka karɓi 15,000 a tsakiyar wata, na kuma cire 5,000 na CNPS, hukumar fanshon ma'aikata. Saura 6,500, kuma tun da ciniki ya yi sanyi, za ka ɗauke su a biredin jiya.

Akawu ya ajiye kofi. Shekara talatin ya yi yana rubuta albashin ma'aikatan auduga, kuma tun da ya yi ritaya yake neman wanda zai karanta wa doka, matarsa ta riga ta ƙoshi.

AKAWU: Alhaji, da ka bar ni na yi shiru, amma dokar ƙwadago ta 1992 ba ta bar ni ba. Sashe na 30 ya haramta wa maigida cin tarar ma'aikaci, ko ta makara ce, ko ta dariya, ko ta Makka.

ALHAJI: Wa ya ce maka tara ce? Tarbiyya ce. Yaron nan tun yana ɗan ƙarami na san ubansa.

AKAWU: Tarbiyyar da ake rubutawa da lambobi ana cirewa daga albashi, a gaban sufeton ƙwadago sunanta tara.

ALHAJI: To ajiya ce. Ina tara masa ne saboda aure.

TANKO: Alhaji, ai 'ya'yana uku.

ALHAJI: Saboda na biyu! Ka ga irin rashin hangen nesan da nake faɗa, Malam Akawu?

AKAWU: Ko ajiya ce, sai da yardarsa, kuma yardar ma akwai gaban hukumar da ake yin ta, ba a ƙarƙashin darbejiya ba. Bayan haka, sashe na 68 ya ce albashin wata kada ya wuce kwana takwas bayan ƙarewar watan, yau kuwa 12.

ALHAJI: Da wane watan? Ni da watan sama nake lissafi, kuma bana ban gan shi da idona ba, hazo ya yi yawa.

Wannan hazon dai ba ya hana Alhaji ganin ranar da masu shayi za su kawo masa kuɗin biredi. A nan idonsa ya fi na shaho.

AKAWU: Batun biredin jiya kuma, sashe na 67 ya ce da kuɗin ƙasa ake biyan albashi. Mai gidan hayarsa ba zai karɓi biredi ba, asibiti ma haka.

ALHAJI: Biredina ya fi sefa daraja. Sefa an karya ta a 1994 ta dawo rabi, biredina kuwa in ya kwana biyu ko da guduma ba a karya shi.

TANKO: Wannan kam gaskiya ne, Alhaji.

ALHAJI: Ba da kai nake ba. Rubuta, Malam Akawu: katsalandan, 1,000.

AKAWU: Ba zan rubuta ba. Na CNPS kuma, rabon ma'aikaci kashi 4.2 ne cikin ɗari, wato 2,520 a albashinsa. Ina sauran 2,480?

ALHAJI: Ba ni da canji.

AKAWU: Ina lambar rajistarsa?

ALHAJI: Tana cikin niyya, kuma ka san ayyuka da niyya suke.

A nan Akawu bai yi dariya ba, domin ya san tsofaffi nawa suka je neman fansho da furfura a kai aka ce musu ba a taɓa jin sunansu ba, bayan an shekara ashirin ana cire musu kuɗin a kowane wata.

ALHAJI: To yanzu kana nufin yaro ya ƙona mini biredi, ya yi wa rigata dariya, ya sauke ni daga Alhaji zuwa Malam, ni kuma doka ta ɗaure mini hannu?

AKAWU: Ta bar maka hanya guda da take taɓa albashi. Kana iya dakatar da shi, kada ya wuce kwana takwas na aiki, ka ba shi a rubuce, ka kuma sanar da sufeto cikin awa 48.

ALHAJI: Madalla! Tanko, na dakatar da kai kwana takwas. Gobe da asuba ka zo ka hura tanda.

AKAWU: Wanda aka dakatar ba ya zuwa aiki, Alhaji.

ALHAJI: To wa zai kwaɓa fulawa? Ni, da Makka biyu? Wannan doka wanda ya rubuta ta bai taɓa sayar da ko ƙosai ba.

Ya daɗe yana juya littafin, ya duba ta baya ko akwai wani sashe da Akawu ya manta, sannan ya zura hannu cikin aljihu mai zurfin rijiya ya ƙirga 45,000, yana rabuwa da kowace takarda kamar mai aurar da 'yar fari. Tanko ya karɓa da hannu biyu, ya ce "Na gode, Malam", ya gyara da sauri ya ce "Alhaji", ya fice kafin a buɗe sabon shafi.

ALHAJI: Malam Akawu, kai ma'aikacina ne?

AKAWU: Allah ya kiyaye.

ALHAJI: Sashe na 30 ya ambaci mai zaman benci?

AKAWU: Bai ambata ba.

ALHAJI: Alhamdu lillahi. Zaman benci shekara shida, shayi kofi biyu kullum, ga inuwa. Miƙo mini biron nan.