Ana koya muku yadda mantuwa take aiki, kuna haddar dare ɗaya

Ƙannena 'yan shekarar farko a jami'a, daga Marwa har Ngaundare da Njamena, da ku masu ɗaukar darasin psychologie cognitive, wato ilimin yadda ƙwaƙwalwa ke fahimta da tunani da tunawa, nake magana. Abin kunya ne a zaunar da ku a yi muku bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke riƙewa da yadda take saki, sannan ku cusa takardun fotokofi a ƙarƙashin katifa sai ana jibi jarrabawa.

Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya auna mantuwa a kan kansa, yana haddace gaɓoɓi marasa ma'ana. Cikin awa ɗaya fiye da rabin wahalarsa ta tafi, washegari kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya rage. Wato ɓarnar tun a farko take aukuwa. Don haka darasin safe a waiwaye shi a daren, ko da minti goma sha biyar ne, a sake bayan kwana biyu, a sake bayan mako.

Amma waiwayen ma da irinsa. Yawancinku ido kuke bi da shi a kan takarda, kuna ja wa layi biro, har kalmomin su zama sanannun fuska, sai ku ɗauka kun iya. Gane abu daban, tuno shi daban. A 2006 masu bincike Roediger da Karpicke sun ba ɗalibai rubutu: wasu suka yi ta maimaita karatunsa, wasu suka karanta sau ɗaya, aka karɓe takardar, suka riƙa rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa kashi 40 cikin 100 suka kawo, masu rubuta abin da suka tuna suka kawo 61. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: malam ba ya cewa a wanke sai an kifa allo an biya da ka. Ku kifa takardar, ku rubuta, ku buɗe ku ga inda kuka yi tuntuɓe.

Sai dai a nan haddar lafazi ba ta ci. Kowane gwaji kuka karanta, ku yi masa tambaya huɗu: me ake nema, me aka canza, me aka auna, me ya fito. A nan maki ke zubewa, don ɗalibi kan rikita variable indépendante (abin da aka canza) da variable dépendante (abin da aka auna). Ku gwada da hannunku aikin Stroop na 1935. Rubuta sunayen launuka ashirin, kowanne da tawadar da ta saɓa masa, "ja" da shuɗin biro, "kore" da jan biro. A wata takardar ka yi ɗigo ashirin masu launi. Abokin ɗakinka ya faɗi launin tawada kawai, kai kana auna lokaci da waya. Zai yi ta sarƙewa a takardar kalmomi, saboda karatu ya zame masa jiki, yana riga shi fita. Irin takardar shi ne abin da ka canza, sakan nawa ya ci shi ne abin da ka auna. Sharaɗi ɗaya: ya kasance yana karanta harshen da kyau, in ba haka ba babu abin da zai bayyana.

Kada kuma ku rubuta "bakwai, ƙari ko ragin biyu" na George Miller na 1956, wato yawan abubuwan da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci ɗaya, kamar aya. Nelson Cowan a 2001 ya kawo hujjar cewa abin ya fi kusa da huɗu. Shi ya sa lambar waya, tara a Kamaru, takwas a Chadi, ake faɗinta gunduwa-gunduwa.

Wanda Faransanci ke ba wahala, ya bayyana mémoire de travail, wato riƙon da ƙwaƙwalwa ke yi wa abu na ɗan lokaci yayin da take aiki da shi, ga wani da Hausa ko Fulatanci, ba tare da duba littafi ba. Inda bakinsa ya tsaya, nan ne shafin da zai koma wa yau da dare.