Iskar ozon ba ta maye gurbin maganin ƙwayoyin cuta ga doki

Wasu masu dawaki suna ɗauka cewa tunda iskar ozon, wato wani nau'in iskar oksijin da ake tsabtace ruwa da shi, tana kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, haka za ta kashe su a jikin doki. Wannan kuskure ne, domin ozon ba ta bambanta ƙwayar cuta da naman dabba, kuma shaƙar ta tana lalata huhu, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ayyana ta a matsayin iska mai guba. An gwada ta a kan raunuka da ciwon mahaifar goɗiya, amma gwaje-gwajen ƙanana ne. Dokin da mikinsa ya yi mugunya yana buƙatar likitan dabbobi ya gano ƙwayar cutar, sannan ya zaɓi maganin da zai kashe ta.